Hanyar da Mota Ba Ta Bi

Mu da muke zuwa makaranta a keke mun san fargabar titi: tirela a baya, ɗan acaɓa a gefe. Shi ya sa ranar Asabar da sassafe mu biyar muka bi hanyar manoma daga Wusasa zuwa gindin Dutsen Kufena. Ba hon, ba hayaƙi, sai inuwar ɗorawa da kukan kurciya. A gangaren rafi muka saki feda, iska tana kaɗa rigunanmu. Ba mu nausa daji ba, domin iyayenmu sun hana saboda rashin tsaro. Ranar Litinin muka koma cikin tireloli. Muna roƙon hukuma ta ware wa masu keke tasu hanyar.