Taimin Bel: A Duba Shi Kafin A Kama Hanyar Gida

Duk shekara idan Sallah ta matso, layukanmu nan Ibadan sukan cika da Sienna ana wankewa, ana ɗaura kaya, ana shirin tafiya Arewa. Mutane da dama sukan tare ni bayan sallar asuba su ce, "Malam, a sa mu a addu'a, jibi za mu kama hanya." Ina yi, da zuciya ɗaya. Amma na fara haɗawa da tambaya: "Alhaji, yaushe rabonka da canza taimin bel?" Mafi yawa sai su ce ai motar lafiyarta ƙalau, ko ƙara ba ta yi.

To, matsalar ke nan. Birki yakan yi kuka, batir yakan yi nauyin tashi, amma wannan bel ɗin yana ɓoye ne a bayan murfi a gefen injin, kuma sau da yawa ba ya sallama. Ba shi ne fanbel da kake gani in ka buɗe bonet ba. Bel ne na roba mai haƙora wanda ke haɗa karanshaf da kamshaf, domin bawul su riƙa buɗewa da rufewa daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Ranar da ya tsinke, mota ta mutu a inda take. A wasu injuna, kamar na Honda Odyssey, fistin ne zai doki bawul ya lanƙwasa su, aikin yini ɗaya ya koma sauke inji.

Ni ɗan kasuwa ne, ba bakanike ba, amma shekara da shekaru ina bin hanyar nan da kaya da iyali, kuma na zauna a gareji na yi tambaya. Abu na farko shi ne ka san motarka. Sienna daga 1998 zuwa 2006 bel gare ta. Daga 2007 aka koma sarƙa, wadda ba a canza ta a kan ƙa'idar lokaci. Kamfanin Toyota ya sa a canza bel ɗin a mil 90,000, wato kusan kilomita 145,000. Na Odyssey kuwa mil 105,000 ne ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. A lura, motocin da suka fito daga Amurka da mil mitarsu ke ƙirga.

Sai dai mu tokumbo muke saye, kuma kowa ya san ana murɗa mita baya kafin mota ta iso hannunka. Ga zafin ƙasarmu, ga goslo: ka yi awa ɗaya a Iwo Road inji yana ta aiki, mita kuwa ko motsi. Roba kuma tana tsufa ko da motar a ajiye take. Don haka ka duba cikin bonet, wani lokaci masu gyara a can sukan manna 'yar takarda mai kwanan wata da adadin mil. In babu, kuma wanda ya sayar maka ba shi da shaida, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba.

Wani maƙwabcinmu ya tashi da matarsa da 'ya'ya biyar da tsohuwarsa, sun wuce gadar Jebba ana shirin magariba, motar ta ɗauke kamar an hura fitila. Nan suka zauna a bakin titi cikin duhu har aka samo janwe daga Mokwa. Kuɗin ragon layya da na ɗinkin yara duk suka tafi a gyara, Sallar ma a garin mutane suka yi ta. Da aka buɗe, bel ɗin da motar ta zo da shi ne. Mun gode Allah da abin ya tsaya a kan dukiya, domin duk mai bin hanyar nan ya san ba wurin kwana da iyali ba ne.

In za ka yi aikin, ka yi shi gaba ɗaya. Famfon ruwa wannan bel ɗin ne ke juya shi, ga boris ɗin da bel ke bi ta kansu, ga abin da ke ɗame shi, ga sil-sil masu hana baƙin mai zuba. Duk wuri guda suke, kuɗin buɗewa ɗaya ne. Ka sa sabon bel a kan tsohon boris, ranar da boris ya cije, sabon bel ɗin zai tafi da shi. In ka ga mai ko ruwa yana tsatsa ta gefen murfin, ko ka ji ƙugi daga wajen, kada ka jira lissafin mita.

Wajen saye kuma, a Gate ne ko Ladipo, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi. Aisin, Mitsuboshi da Gates sunaye ne masu kyau, amma akwai jabunsu a cikin kwali mai sheƙi. Mu 'yan kasuwa mun san araha ba ta ado. Kada a sa maka bel na hannu wai ɗan Beljiyam ne, ba wanda ya san shekarunsa. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire, ka rubuta kwanan wata da lambar mita ka ajiye tare da takardun mota.

Kuma don Allah kada a bari sai jajibirin tafiya. A yi aikin da mako biyu ko uku, a zaga da motar cikin gari, in akwai abin da bai zauna ba ya nuna kansa kusa da gareji. Mata da yara da ke bayanka ba su san wani bel ba, kai suka sani, kuma amana ce a wuyanka. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya, amin.