Jagoran Jirgin Yaƙi Daga Saliyo

Mu da ke koyar da lissafi da labarin ƙasa mun saba da tambayar da ɗalibai kan yi idan aka zo darasin kusurwa da nisa: “Malam, wannan kuma ina amfaninsa?” Sau da yawa ana cikin haka sai jirgin horon sojojin sama ya taso daga wajen Mando, ya ƙetare kogin Kaduna ya bi ta kan Kakuri da Barnawa, ajin duka ya koma kallon taga. Kowa so yake ya zama matuƙi. Ba mu taɓa jin wanda ya ce yana so ya zama mai nuna wa matuƙi hanya ba. Shi ya sa bana muka ga ya kamata mu ba ku labarin ɗaya daga cikinsu.

Sunansa John Henry Smythe, an haife shi a Freetown ta ƙasar Saliyo a 1915. Mun tashi muna jin labarin kakanninmu da suka yi yaƙin Boma a ƙasa da bindiga, amma ba mu san akwai 'yan Afirka ta Yamma da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a sama ba sai da muka girma. Kafin Oktoba 1939 rundunar sojan sama ta Birtaniya ba ta ba baƙin mutum muƙamin hafsa. Da yaƙi ya matsa aka sassauta dokar. Smythe ya ba da kansa, aka kai shi Ingila, aka koya masa aikin jagoran jirgi, ya zama hafsa a 1943. Aka tura shi runduna ta 623 a Downham Market, inda ake tashi da manyan jiragen sakin bam masu suna Stirling.

Mutum bakwai ne a cikin kowane jirgi. Jagora yana zaune a ɗan teburi bayan labule, domin kada hasken fitilarsa ya tona asirinsu. Gabansa taswira ce da fensir da abin awon kusurwa da agogo. Da dare ake tafiya, garuruwan ƙasa sun kashe wuta. Ya san gudun jirgi, ya san inda aka sa gaba, ya san mintin da aka yi. Abin da ke ba shi wahala iska ce, wadda ke tura jirgi gefe ba tare da kowa ya ji ba. Sai ya yi ta gyara lissafi, wani lokaci ya auna tauraro, wani lokaci ya dogara da na'urar rediyo mai suna Gee, wadda Jamusawa kan dagula ta idan an shiga ƙasarsu. Ga kuma sanyi, ga harbi daga ƙasa.

Ku ɗauki biro ku gwada wannan. Kuskuren digiri ɗaya tak yakan kauce da jirgi mil ɗaya a kowane mil 60. Daga Downham Market zuwa Mannheim ya fi mil 400, wato kusan mil bakwai ke nan a gefe. Wannan ya isa a bar masana'anta a zuba wa ƙauye. Wani bincike da gwamnatin Birtaniya ta yi a 1941 ya nuna cewa cikin jiragen da suka ce sun kai hari, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya zo tsakanin mil biyar da wurin da aka nufa.

A daren 18 ga Nuwamba 1943 aka harbo jirgin su Smythe a farmakin Mannheim. Stirling ba ya iya hawa sama sosai kamar Lancaster, shi ya sa ake saurin samunsa. A cikin watan nan ma aka daina tura irinsa Jamus. Smythe ya diro da laima da rauni a jikinsa, ya ɓuya a wata rumfar gona, amma ina baƙin mutum zai ɓuya a tsakiyar Jamus ta Hitila? Aka kama shi, aka kai shi sansanin fursunoni na Stalag Luft I kusa da Barth. Ya yi wajen wata 18 a can, sai da sojojin Rasha suka iso a 1945. Ya ci sa'a ƙwarai: cikin mutum kusan 125,000 da suka tashi a jiragen sakin bam na Birtaniya, fiye da 55,000 ba su dawo ba.

Akwai abin da ba za mu ɓoye muku ba, tun da makarantarmu ta ikilisiya ce kuma muna koya muku darajar ran mutum. Wata ɗaliba ta taɓa tambayarmu, “To Malam, su wa ke ƙasa?” Mata ne da yara da tsofaffi, ba dukansu ne suka zaɓi Hitila ba. Mun yarda dole ne a tsai da mulkinsa, kuma muna girmama wanda ya bar gida ya sa ransa a kai. Duk da haka ba mu iya ba ta amsa da sauri ba. Mu mutanen Kaduna ba baƙi ba ne ga wannan tambaya. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya saki bam kan masu bikin Maulidi a Tudun Biri, cikin Igabi, mutum aƙalla 85 suka mutu, aka ce kuskure ne. A can ma akwai wanda ya duba ya ce, “Nan ne.” Ba shi ke tuƙi ba, ba lalle shi ya danna ba, amma maganarsa aka bi.

Bayan yaƙi Smythe ya yi aiki a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan. A 1948 yana cikin jirgin ruwan Empire Windrush a matsayin jami'i, lokacin da ya kawo ɗaruruwan mutanen Karibiyan Ingila neman aiki. Daga nan ya karanta shari'a, ya koma Freetown, har ya kai babban lauyan gwamnatin Saliyo. Ya rasu a Thame ta Ingila a 1996.

'Yan aji biyar, lissafin digiri ɗayan nan zai fito a gwajin farkon zango mai zuwa, amma daga Kaduna zuwa Maiduguri. Ku zo da abin awon kusurwa, ba za a yi aro ba.