Wuƙar aljihu: kafin a gwada kaifi, a gwada rufewa



Mu nan wuƙar aljihu abokiyar zama ce. Da ita muke fere rake da mangwaro, da ita ake yanke igiyar talala, da ita mai lambu ke gyara albasa a Galmi, da ita ake yankar nama in an zagaye gashin layya. Amma ku lura da yadda ake cinikinta, ko a Kasuwar Dole ta Damagaram ko a Katako ta Yamai. Mai saye zai buɗe, ya shafa bakin da babban yatsa, ya ce "kai, wagga tana da ci", ya biya ya tafi. Da wuya ka ga wanda ya rufe ta sau biyu don ya ji yadda makullinta ke saki.

Alhali kuwa a wurin rufewa ne haɗarin ya fi yawa. Lokacin yanka bakin wuƙa na fuskantar abin da ake yankawa, amma lokacin naɗewa ruwanta na dawowa ne daidai inda yatsu huɗu ke riƙe da ƙota. In makullin ya yi tauri, mutum zai sa ƙarfi, kuma in ya saki farat ɗaya ƙarfin nan ne zai kai ruwan bisa yatsa. Jijiyar da ke miƙe yatsa tana nan kusa da fata, yanka kaɗan na iya taɓa ta. Ga tela ko makanike ko mai ɗinkin takalmi, yatsa ɗaya da ya daina miƙewa ya isa ya taɓa abincin gida.

Makullan da muke gani iri-iri ne, kowane da halinshi.

Akwai Okapi, mai ɗan zobe a baya. An fara ƙera ta a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ana sa yatsa cikin zoben a ja, siririn ƙarfen baya ya ɗaga, sannan a naɗe da ɗaya hannun. Kyanta shi ne yatsan da ke ja yana bayan wuƙa, nesa da kaifi. Aibinta, in ƙarfen ya yi tauri zoben kan ci fatar yatsa, tsoho ko mai ciwon gaɓɓai sai ya sha wuya.

Akwai Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890, aka ƙara mata zoben wuya mai juyawa a 1955. Murza zoben kawai ake yi, ba ja ba dannawa, ruwan kuma ba ya zabura da kanshi. Sai dai ƙotarta ta itace ce. Da damina takan sha danshi ta kumbura, ruwan ya maƙale. Masu ita sun san dabara: a buga gindin ƙotar kan tebur ko dutse, bakin ya leƙo.

Akwai mai makullin baya, wadda ake danna wani ɗan gurbi a gadon bayan ƙota. Tana riƙewa da kyau, amma hannu biyu take so, kuma sabuwa takan sa babban yatsa ya yi zafi.

Sai kuma wadda ta cika tebura yanzu, mai siririn ƙarfe a cikin ƙota wanda ake turewa gefe da babban yatsa. Matasa na sonta don ana rufe ta da hannu guda. Amma ku duba da kyau: yatsan da ke ture ƙarfen yana tsaye ne kan hanyar ruwan wuƙa. Dole a ture, a fara naɗewa kaɗan, a janye yatsa, sannan a ƙarasa. Yawancinsu kuma don hannun dama aka yi su, bahago sai ya yi ta juye-juye.

Douk-Douk ta garin Thiers, wadda iyayenmu suka sani tun zamanin Faransa, ita ba ta da makulli ma sam. Ƙarfin ƙarfen baya ne kawai ke riƙe ta, shi ya sa take rufewa da ƙara kamar tarko.

To kar wani ya ce ashe mai laushi za a nema. A'a. Makullin da ke saki da ɗan taɓi shi ma mugu ne. Kana matse ƙota kana huda buhu ko fata, tafin hannunka ya danna shi ba ka sani ba, ruwan ya dawo maka. Abin da muke nema shi ne makullin da ba ya saki sai an nufe shi, in kuma an nufe shi ba ya gardama.

Don haka ga gwajin da muke ba da shawara a yi gaban mai tebur, kafin a zaro jika. A buɗe a rufe kamar sau goma, a ji ko yatsa ya fara zafi. A gwada da hannun hagu ma, don wata rana daman na riƙe da igiya ko ƙafar rago. A buɗe, a kauda yatsu daga hanya, a danna bayan ruwan a hankali a ga ko zai motsa. A kuma tuna cewa hannun da ke kasuwa busasshe ne, na ranar aiki kuwa yana da maiƙon kitse ko gumi ko ruwan mangwaro. Makullin da sai da farce ake kamo shi ba zai kamu ba ranar layya. In mai kaya ya hana gwaji, a gode mashi a ƙara gaba. Araha ba ta ado.

Wadda ke gida kuma sau da yawa datti ne ke sa ta tauri. Ƙurar hunturu, zaren aljihu da kitsen da ya daskare suna taruwa a inda ruwan ke juyawa. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a sosa da tsinke ko tsohon buroshin haƙori, a shanya sosai, a ɗiga mai ɗigo ɗaya. In da ita ake yanka abin ci, a guji baƙin man mota. Mai ƙotar itace kada a jiƙa ta, a goge kawai. Wadda makullinta ya cinye har ruwan na rawa, a kai wa maƙeri, in ba ta gyaruwa a haƙura da ita.

Yara kuma in sun isa riƙe wuƙa, mu fara koya masu rufewa kafin yanka: yatsu waje, tafin hannu a bayan ruwa, ido a kai. In tsautsayi ya faru yankan ya yi zurfi ko yatsa ya ƙi miƙewa, a danne da tsumma mai tsabta a tafi gidan likita ran nan, a kuma tambayi allurar tetanos.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fiddo taku yau ku gwada ta. Allah Ya tsare mana hannuwanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Amin.