Majalisar Gindin Darbejiya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san majalisa, watau wurin da maza kan taru bayan sun taso daga aiki domin a taɓa hira. A garin Kibiya, can kudancin Kano, akwai wata irin wannan majalisa a gindin darbejiya, a ƙofar shagon wani dattijo tela. Ba ta da shugaba, ba ta da magatakarda, kayanta kuwa ba su wuce tabarma biyu da benci ɗaya da wata tsohuwar rediyo ba. Amma daga sallar La'asar zuwa kiran Magariba babu ƙasar da ba a leƙawa daga gindin bishiyar nan, kuma babu sarki ko shugaban da ba a ɗora shi bisa ma'auni.

Zaunannun majalisar su huɗu ne. Akwai shi telan, wanda ya ba saba'in baya, mai riƙon tarihin ƙasar Rano kamar yadda ya ji shi daga bakin kakanninsa. Akwai wani tsohon soja da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda kowa ke kira Saje. Akwai malamin firamare da ya yi ritaya, tsohon ɗan jam'iyyar PRP, wanda har gobe bai ga shekarar da ta kai 1979 ba, shekarar da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Na huɗunsu malamin zaure ne mai karantar da fiƙihu da Larabci, shi kuwa ba ya tsoma baki sai musu ya rincaɓe. Sauran jama'a, manoma da 'yan kasuwa da samari, sauraro ne nasu, sai fa in an nemi shaida.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan manomin Kibiya da abin da ke gudana a Rasha ko Amurka? Amsar farko ita ce rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, saboda haka waɗannan dattawa sun yi rayuwarsu ne duniya na shigo musu ɗaki safe da yamma cikin harshensu. Amsa ta biyu kuwa tana cikin aljihu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a watan Fabrairu na 2022, kuɗin takin zamani ya haura, domin Rasha na cikin manyan masu fitar da taki a duniya, kuma mai gonar masara a Tarai ya ji a jikinsa. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli na 2023 aka rufe iyaka, fataken dabbobi da na wake suka ga ta kansu. Wanda irin wannan ta sama ba zai ɗauki siyasar duniya a matsayin zancen nesa ba.

Muhawarorinsu iri-iri ne. An taɓa kwana uku a kan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991. Malamin firamare ya tsaya a kan cewa aƙidar daidaita talaka da mai kuɗi ba ta yi laifi ba, masu riƙe da ita ne suka zama azzalumai. Saje ya ce duk ƙasar da bindiga ce kaɗai ta haɗa ta, ranar da mai bindiga ya gaji za ta watse. Malamin zaure ya kawo bayanin Ibn Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, cewa daula takan kafu da ƙarfin haɗin kai, sa'an nan jin daɗi ya lalata jikokin waɗanda suka kafa ta. Bayan juyin mulkin Nijar kuma aka ga abin mamaki, domin malamin firamare, saboda takaicin 'yan siyasa, ya goyi bayan soja, shi kuwa Saje ya tsaya kai da fata cewa mutumin da aka horar da shi a kan bin umarni ba tare da tambaya ba, bai dace a ba shi riƙon jama'ar da ke da ikon yin tambaya ba.

Akwai kuma wata tambaya da ba ta tsufa a majalisar: shin mutum ke yin zamani, ko zamani ke yin mutum? Misalin da suka fi kawowa shi ne faɗuwar Kano a hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Tela yakan ce da sarki yana cikin birni da labari ya sha bamban. Saje yakan girgiza kai ya ce a tuna abin da ya sami Bebeji kafin nan, domin jarumtaka ba ta tare igwa da bindiga mai ruwa. Ba a taɓa raba wannan gardama ba, kuma ba a damu da a raba ta ba.

Abin da ya raya majalisar shekara da shekaru shi ne wasu ƙa'idoji da ba a rubuta ba. Ba a katse mai magana. Ba a zagi, ba a gori. Wanda hujja ta kayar yakan ce, "Ka fi ni gaskiya," ya aika a sayo goro a raba. Da ladan ya ɗaga murya kuwa, kome zafin magana a nan za a bar ta, kuma waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya su ne za a gani kafaɗa da kafaɗa a sahu.

Ana nan, a ƙarshen watan Mayu na 2024, wani saurayi ɗan garin ya zo gida daga jami'a, inda yake shekara ta uku a karatun tarihi. Ɗan aminin tela ne, a hannun telan ma aka ɗinka masa rigar makarantarsa ta farko. Ya iso a wani lokaci mai nauyi, domin a cikin watan ne Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar 2019 wadda ta ɗaga Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi zuwa masarautu masu daraja ta ɗaya. Dattawan ba su manta cewa an taɓa yin irin wannan ba, gwamnatin Rimi ta ɗaga darajar Rano a 1981, ta Sabo Bakin Zuwo ta mayar da ita a 1983. Malamin firamare yana ganin duk wannan wasan 'yan siyasa ne, talaka ba ya cin rawani. Shi kuwa tela abin ya taɓa masa zuciya ƙwarai.

Ran nan sai ya ajiye almakashi ya shiga ba da tarihi. Ya kawo labarin Bayajidda tun daga Bagadaza zuwa Barno, da maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, da macijiyar rijiyar Kusugu, da auren Daurama, da haihuwar Bawo. Ya lissafa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Ya ce Kano da Rano su ne sarakunan baba, watau masu rini, kuma ba a banza ake yi wa sarkin Rano kirari da Autan Bawo ba. Ya rufe da cewa auta ƙane ne a gidan ubansa, ba bara ba ne.

Saurayin ya yi dariya, dariyar da kowa ya ji. Ya ce, "Haba Baba! Ai wannan tatsuniya ce, ba ta da maraba da ta Gizo da Ƙoƙi." Sa'an nan ya shiga zuba karatu. Ya ce Farfesa Abdullahi Smith ya nuna tun a wata maƙala ta 1970 cewa daulolin Hausa sun ginu ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ba wani baƙo ne ya zo ya kafa su dare ɗaya ba. Ya ce an sami shaidar narka tama a gindin Dala tun ƙarni na 7, watau akwai mutane masu sana'a a ƙasar nan tun kafin zamanin da ake danganta wa Bawo. Ya ce labarin kansa ya nuna Bayajidda ya tarar da sarauniya a Daura da maƙera a Gaya, to wa ya haifi waɗannan? Samari suka yi shewa. Tela bai ce uffan ba. Ya aika aka sayo goro aka raba, amma bai furta kalmar nan da aka saba ba. Kashegari ya jawo keken ɗinkinsa cikin shago, ya tura ƙyaure.

Kwana goma majalisa ba ta yi armashi ba. Saje ya zo sau biyu ya daina. Samarin da suka yi shewa ba su da abin cewa da ya wuce ƙwallo. Saurayin yana zuwa da littattafansa yana jiran abokin karawa, bai samu ba. A ransa yana ganin bai yi laifi ba, tun da abin da ya faɗa yana da hujja, kuma ai an ce gaskiya ɗaci gare ta.

Malamin zaure ne ya kira shi wata rana bayan Isha'i. Bai musa masa ko ɗaya daga cikin hujjojinsa ba. Ya dai tambaye shi ko a jami'a an karantar da su muhawarar da aka yi ta wasiƙa tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno a kan halaccin yaƙar Barno. Saurayin ya ce an karantar. Malam ya ce, "To, ɗana, a ina aka sami hujjojin al-Kanemi?" Saurayin ya yi shiru, domin ya san amsar: Bello ne da kansa ya kawo su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, kafin ya mayar da martani. Malam ya ce mutanen nan takobi ne a tsakaninsu, amma ɗayansu ya adana maganar ɗan'uwansa har ta iso ga na baya. Ya ce, "Kai kuwa goro ne kawai a tsakaninka da babanka, amma ka rufe masa baki. Ka ci musu, ka rasa wanda za ka yi musu da shi."

Da safe saurayin ya tafi shagon, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya ce, "Baba, na zo neman gafara. Na yi rashin ladabi." Tela ya ci gaba da taka keke har ya kai ƙarshen ɗinkin, sa'an nan ya ce, "Tashi ka zauna, yaro. Kana tsammani ban taɓa tambayar kaina wa ya haifi maƙeran Gaya ba? Tun ba a haife ka ba na yi wannan tambaya. Amma ni ma ina da tawa. Garuruwan nan bakwai sun sha yaƙar juna. Me ya sa duk da haka suka yarda su ce ubansu ɗaya? Kuma Rano da ba ta kai Kano girma ko arziki ba, wa ya sa ta a cikin lissafin, me ya hana a cire ta duk tsawon zamanin nan? In littafinka ya amsa wannan, zo ka karanta mini."

Saurayin bai da amsa a shirye. A nan ya gane cewa ya koyi rabin aikin masanin tarihi, watau tantance ko abu ya faru kamar yadda aka faɗa, amma bai fara rabi na biyu ba, watau binciken dalilin da ya sa jama'a suka riƙe labari suka ƙi saki. Labarin Bayajidda ba zai tsaya a matsayin rahoton abin da ya auku ba, a nan hujjar saurayin tana nan daram. Sai dai labarin shaida ne na yadda garuruwan Hausa suka ɗauki junansu, da matsayin da suka yarje wa kowanne, kuma wannan shaida ce da masani ba zai jefar ba. Tela ya san haka ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai saurare shi har ya kai aya.

Da La'asar aka fito da keken ɗinki gindin darbejiya. A gaban kowa saurayin ya ce, "Baba ya fi ni gaskiya a kan wata tambaya da ban yi ba," ya sayo goro. Tela ya karɓa ya ce shi ma a rubuta masa bashin ɗaya, domin zancen tamar Dala ya shige shi. Malamin firamare ya ce duk su biyun sun kauce, tambayar ita ce me talaka ya samu daga Bawo da 'ya'yansa. Saje ya gyara zama, musu ya dawo sabo.

A watan Yuli na 2024 aka yi wata dokar da ta mayar da Rano masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Majalisar ta kwana biyu a kan ko wannan ci gaba ne ko ragi, aka tashi ba a daidaita ba. Saurayin kuwa ya koma jami'a da batun kundinsa na shekarar ƙarshe, a kan matsayin Rano cikin labarin Hausa Bakwai, kuma mutum na farko da ya ɗauki maganarsa a rubuce shi ne telan.