Masu Cin Sha'ir

Duk lokacin da na karanta labarin mayaƙan da Rumawa ke taruwa su kalla suna saran juna, waɗanda ake kira gladiyeta, hankalina ya fi karkata ga akushinsu fiye da takubbansu. A shekarar 1993 aka gano maƙabartarsu a Afisa, cikin Turkiyya ta yau, kuma binciken ƙasusuwansu ya nuna hatsi da wake ne mafi yawan cimarsu. Dama can Rumawa kan yi musu laƙabi da masu cin sha'ir.

Akasarinsu bayi ne, ko ribatattun yaƙi, ko masu laifin da aka yanke wa hukunci. Suna kwana a ƙananan ɗakuna kewaye da filin atisaye, su wuni suna saran turke da takobin itace. Amma ana ƙosar da su, kuma suna da likita. Jalinusu kansa, wanda daga baya likitocin Musulmi suka yi ta karanta littattafansa da Larabci, ya fara ƙwarewa ne wajen ɗinke raunukan gladiyeta a birnin Fargamum.

Kada wannan kulawa ta ruɗe mu. Irin ta mai kiwon rago ce kafin Sallah. Masanin shari'a Gayus ya kawo misali: a biya ubangidan mayaƙi dinari 20 idan ya fito lafiya, a biya 1,000 idan ya mutu ko ya naƙasa. Shi ya sa ba kowace karawa ke ƙarewa da kisa ba. Akwai alƙalin wasa, kuma wanda aka kayar yana iya ɗaga yatsa ya nemi afuwa. A ganina, lissafin kuɗi ya ceci rayuka a wannan fage fiye da tausayi.

Jama'ar da ke rubuta sunayensu a bango, suna zana su a jikin fitilu, ita ce kuma dokarta ta sanya su cikin ƙasƙantattu, sahu ɗaya da karuwai.

A tsibirin Sisili akwai dutsen kabarin wani mutumin Sham mai suna Filamma. Ya kara sau 34, ya yi nasara sau 21, ya mutu yana ɗan shekara 30. Wani abokin sana'arsa ne ya kafa masa dutsen.