Tunawa Da Lauya Bamidele Aturu

A cikin shekarar 1988, wajen bikin sallamar matasa masu yi wa ƙasa hidima a Jihar Neja, aka kira wani saurayi domin a yaba masa saboda ƙwazonsa. Gwamnan Soja, Lawan Gwadabe, ya miƙo masa hannu, shi kuwa ya ƙi karɓa, don bai yarda da mulkin da aka samu ta bakin bindiga ba. A zamanin Janar Babangida lalle wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Saurayin nan shi ne Bamidele Aturu.

Aikin malanta ya fara koya a Kwalejin Horon Malamai ta Adeyemi da ke Ondo, sa'an nan ya karanta shari'a a Jami'ar Ife. Ko da ya zama lauya a Ikko, halin malanta bai bar shi ba: ya rubuta littafi kan dokokin ƙwadago, ya yi ta wayar da kan ma'aikata, ya kuma tsaya wa marasa galihu a kotu ba da kuɗinsu ba. A fagen siyasa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Democratic Alternative.

Ya rasu ran 9 ga Yuli, 2014, yana da shekara 49. Hannun nan da ya hana gwamna, talakawa ya yi ta miƙa wa har ƙarshen ransa. Allah ya ba mu masu irin halinsa, amin.