Linzamin da Na Ja a Guna

Shekarata 14 ranar da aka ce in ja linzami. Washegarin Sallar layya ce, a garinmu Guna, ƙasar Mirya, an share filin bayan gari inda aka saba sukuwa da la'asar. Kawuna yana da dawakai biyu a turke: wani akawal mai jiki da kyan gani, da wani kili siriri wanda in ka gan shi tsaye ko dala ba za ka taya ba. Tun da mahaifina ya rasu na koma gidan kawu, kilin nan a hannuna yake. Ni ke yanko masa ciyawa, ni ke ba shi dusa da kanwa, ni ke kai shi kilisa da asuba kafin in tafi lakwal. Akawal kuwa ɗan kawu ke hawansa, taubashina, wanda ya girme ni da shekara uku. Kaf gidan babu wanda bai san dokin da ya fi gudu ba.

Ina ɗaure sirdi kawu ya zo ya tsaya kaina. Ya ce, "Yaro, yau akwai baƙo daga Najeriya, akawal ya zo gani. In kun fita gaba ku biyu, ka bar yayanka ya wuce." Na ce, "To, Kawu." Har ya juya sai ya dawo ya ƙara wata: "Kuma kada kowa ya gane."

Haka aka yi. Dawakai shida muka tashi, kafin a kai kukar da ke tsakiyar fili mun baro huɗu a ƙura. Kili yana neman tafiya, ina jin sa a cinyoyina, ni kuwa ina ɗaga bulala sama kamar mai duka, hannun hagu yana danne da linzami. Akawal ya wuce da tsawon wuya. Mata suka yi guɗa, maroƙa suka bi taubashina, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Doki ya yi, mahayin ne ƙarami." Wallahi wannan maganar ta fi komai ci mini rai, har yau ina jin muryarsa.

Na ɗauka abin na ƙauyenmu ne kawai, sai da na zo karatu Damagaram. Akwai wani tsohon makanike kusa da inda muke haya, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Agadas lokacin da tseren motoci na Paris-Dakar ke ratsa ƙasarmu. Wata rana muna shan shayi na ba shi labarin kili, ya yi dariya ya ce ai Turawa ma sun yi irinta, kuma nan kusa da mu suka yi. Daga baya na bi labarin na karanta, na tarar bai ƙara gishiri ba.

A watan Janairu na 1989, motocin sun shigo Nijar ta Libiya, suka bi ta Agadas da Tawa da Yamai, suka nufi Gao ta ƙasar Mali. Kamfanin Peugeot yana da direbobi biyu da suka yi wa kowa nisa: Jacky Ickx ɗan Beljiyam, wanda ya ci tseren Le Mans sau 6, da Ari Vatanen ɗan Finlan, zakaran duniya na 1981. Abokan hamayya sun zama ƴan kallo, saura su biyu suna ta gwabzawa a cikin rairayi, har motar Vatanen ta yi adungure kafin su kai Gao. Shugaban ƙungiyar, Bafaranshe Jean Todt, ya ga in aka bar su za su farfasa motocin biyu, kila ma wani ya mutu. Sai ya zaro tsabar tamma 10 ta Faransa, dala ɗari kenan a kuɗinmu na wancan lokacin, ya cilla sama. Ƙuri'a ta faɗa kan Vatanen, alhali Ickx ne ke gaba a lissafi. Daf da Dakar Ickx ya sake samun kansa a gaba, ya sassauta ya jira abokinsa ya wuce.

Mutane da yawa sun ce wannan wulaƙanta wasa ne. Ni dai da na karanta, hassada na ji. An tara su biyu, an jefa kuɗin a gabansu, duniya ta ji. Babu wanda ya ce wa Ickx "mahayin ne ƙarami".

Kuma in za a faɗi gaskiya, Todt yana da hujja, kamar yadda kawu yake da ita. Motar ba ta direba ba ce. Akwai masu gyara da ke kwana ba barci, akwai kamfanin da ya zuba dukiya, kuma abin da suke so shi ne a ce Peugeot ta ci, ko wa ke riƙe da sitiyari. Kawu ma dokinsa ne, harawarsa ce. Shekarar nan damina ta yi gardama, rumbunmu bai kai rabi ba, ga mu mutum goma sha ɗaya a gida. Baƙon ya sayi akawal da kuɗi mai kauri, aka auno hatsi, muka kai ga sabuwar kaka ba mu je ci-rani ba. Ni ma na ci tuwon, har da ƙari. Don haka duk wanda ya ce mini umarnin mai doki zalunci ne tsagwaronsa, sai in tambaye shi ko ya taɓa leƙa rumbu a watan bazara.

Inda na tsaya ban wuce ba ita ce magana ta biyu, "kada kowa ya gane". Ita ce ta mai da ni maƙaryaci a kan sirdi. Ita ce ta sa baƙon nan ya biya kuɗin dokin da ya fi gudu a Guna, ya tafi da na biyu. Da ina yaro kaina kawai nake tausayi, mutumin nan ko tuna shi ban yi ba. Yanzu na gane shi aka fi cuta a filin nan, shi da mutanen da suka tsaya cikin rana suna kallon abin da suka ɗauka gasa ce.

Shi dai Todt ɗin nan bai tuba ba. A 2002 yana shugabancin Ferrari a gasar Formula 1, a tseren Ostiriya ya umarci Rubens Barrichello ɗan Brazil ya ba Michael Schumacher hanya. Barrichello ya bi umarni, amma sai da ya kai ƴan taku kaɗan da layin ƙarshe sannan ya sassauta, yadda ko makaho zai gane. Jama'a suka yi ta ihu, Schumacher ya ji kunya ya tura shi saman dandamali, hukumar FIA ta ci su tarar dala miliyan ɗaya ta Amurka saboda abin da suka yi a dandamalin, sannan ta haramta irin wannan umarni. To, me haramcin ya haifar? Ƙungiyoyi suka koma magana a dunƙule. A 2010 a Jamus, aka sanar da Felipe Massa ta rediyo cewa Fernando Alonso ya fi shi gudu, shi kuwa ya fahimci karatun ya kauce. Aka ci Ferrari tarar dala 100,000, ƙarshen shekarar kuma aka soke dokar gaba ɗaya. Lokacin Todt ne shugaban FIA, ka ji ikon Allah. Wasu sun ce hukumar ta ba da kai bori ya hau. Ni ina ganin gara haka, domin shekaru takwas ɗin nan dokar ba ta hana a ja linzami ba, ɗaga bulalar ƙarya kawai ta koya wa direbobi.

Sau da yawa nakan ce da ma na yi irin ta Barrichello: in kai bakin layi, in ja kili ya tsaya cak, in bar akawal ya wuce kowa yana gani. Amma da na yi haka ciniki ya lalace, kuma ni maraya ne a gidan mutane, ba direban da ake biya miliyoyi ba. Ban sani ba ko yau ma zan iya.

Taubashina har yanzu in na je gida sai ya ce, "Ga na biyu ya iso!" Wasan taubasai ne, ba a fushi, nakan rama da cewa a tambayi kili. Bara da Sallah na yi ƙarfin hali na tayar wa kawu da zancen, ya tsufa yanzu, ba ya ko hawa. Ya yi shiru, ya ce, "Kana nan da wannan maganar?" Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Bayan shekara biyu, ina koleji a Mirya, da ya kai kili kasuwa, dillalai suka ƙi taya shi da daraja. Suka ce ai sun san shi, shi ne dokin da akawal ya tsere wa ranar Sallah.